Kwana biyu kuɗina na rataye a Bitcoin, kuɗin turawa kuma sun hi ƙarhina, mi za ni yi?

Ɗan Kanwuri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar ga ku taimaka min don wallahi raina a ɓace yake. Ina da shago nan babbar kasuwa ina sai da caja da fawa banki da hitilun sola, kuma akwai wani ejan da muke aiki da shi can Gwangzu ta Chaina, shi ka haɗa muna kaya mu uku ya sa a kwantena guda. Shekaranjiya Talata da dare yac ce in cika mashi ragowar dala 300 kahin a ruhe lodi ranar Assabar. Ni kuwa ina da ɗan Bitcoin da ni ka tarawa, duk Juma'a in na tashi kasuwa sai in sayi na dala 15 in jeha walat ɗina kamar asusu, kusan wata shidda ke nan, sai nic ce to ga ranar shi ta zo.

Da nid danna turawa sai walat ɗin yan nuna min kuɗin turawa kusan dala 42. Dala arba'in da biyu hwa jama'a, kan dala 300!! Ribar katon guda na caja ke nan. Nic ce aradu ba ni biya, sai nij ja abun zuwa ƙasa har yad dawo dala 7 nit tura hakanan. To tun daren Talata har yanzu da ni ka rubutun ga, Alhamis bayan la'asar, abun na nan fendin, kwanfam, wato tabbacin ya shiga, ko guda babu. Kuɗin sun hita walat ɗina amma ba su isa hannun mutumen ba, shi kuma yana ta aiko min saƙo, abokan lodina biyu sun hwara yi min kallon kamar ni na ci kuɗin. Na tura masu hoton shaida, ɗaya yac ce shi bai san wannan ba, shi dai a loda mashi kaya.

Tambayata, kuɗin ga sun ɓace ke nan? Ana iya janye su? Kuma mi yas sa wata biyu da sunka wuce wani yaron shagona yat tura na dala 500 da abin da bai kai dala 1 ba, ni kuwa nawa da bai kai nashi ba aka neman 42? Sannan akwai wata USDT, kirifton nan da ke tahiya daidai da dala, ta dala 18 da wani kwastoma yab biya ni da ita tun azumi, ita ma in na ce a tura sai ta ce ba ni da gas, wane gas kuma, girki za mu yi?

DanBaiwa_Mabera:

Hhhh oga sannu, Allah ya kawo sauƙi. Amma kai ma wa ya aike ka biyan ejan da Bitcoin a wannan zamanin, USDT ta TRC20, wato wadda ke kan titin Tron, kawai ake yi, minti ɗaya ta shiga ka sha ruwa. Mu da muka yi Hamster, wasan nan na danna waya don a samu rabon kirifto, a 2024 mun ga irin wannan, wata nawa muna ƙwanƙwasa waya har yatsa ya yi kanta, ranar da aka raba abin da wasu suka samu bai kai kuɗin datan da suka ƙona ba, wasu ma ko kuɗin cirewar bai biya ba. Ka yi haƙuri zai shiga in sha Allah.

Injiniyan Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko ka kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su ɓace ba, kuma ka gaya wa abokan lodinka haka. Bari in yi maka bayani da abin da ka sani.

Ka ɗauka Bitcoin tasha ce mai mota ɗaya tak, kuma motar tana tashi kusan duk minti 10. Motar nan ita ake kira bulok. Minti 10 ɗin ma matsakaici ne, wani lokaci biyu su tashi cikin minti ɗaya, wani lokaci a yi fiye da awa ba a ga ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai iya gaggauta ta saboda duk bayan bulok 2016, wajen mako biyu ke nan, tsarin yana gyara wahalar mainin, wato aikin da kwamfutoci ke yi na haɗa bulok, da kansa don tazarar ta koma minti 10. Motar kuma girmanta ƙayyadadde ne, yawanci abin da take ɗauka wajen saƙo dubu biyu zuwa huɗu ne gwargwadon nauyinsu. Duk wanda ya tura kuɗi sai ya shiga rumfar jira, ita ce mempul, masu mainin kuma su ne direbobi, ba ruwansu da wa ya riga zuwa, wanda ya fi biya shi suke fara ɗauka. Kai ka zo da kuɗin mota kaɗan ranar da tasha ta cika, shi ya sa duk motar da ta zo sai ta kwashi waɗanda suka zo bayanka ta bar ka zaune a benci.

Yanzu batun yaronka da ya biya ƙasa da dala 1. Kuɗin turawa a Bitcoin ba ya kallon darajar abin da ka tura, girman saƙon yake kallo, kamar dai mai lodi, buhun albasa goma ya fi ɗan ƙunshin zinari cin kuɗin mota ko da zinarin ya ninka shi tsada sau ɗari. Ana aunawa da satoshi kan kowane bait, bait shi ne ma'aunin girman saƙo, Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne. Ka ce duk Juma'a kake jefa dala 15 wata shida, to abin da ke cikin walat ɗinka ba dunƙule yake ba, gutsattsari ne wajen 23, kowanne zaman kansa yake, kuma ranar da za ka kashe su kowane gutsure sai an rubuta shi da sa hannunsa daban. Ina zargin adireshinka ma tsohon yayi ne mai farawa da lamba 1, don lissafin ya yi daidai da shi: kowane gutsure a irin wannan adireshin yana cin bait 148, sau 23 ya kama 3,404, a ƙara na kan saƙon da na adireshin da kuɗin za su je ya kusa 3,500. In tasha na neman satoshi 12 kan bait, ka ga wajen satoshi 42,000 ke nan, in muka ƙaddara Bitcoin na kan dala 100,000 don lissafi ya yi sauƙi, satoshi 1,000 dala ɗaya, ga dala 42 ɗinka nan. Kai kuma ka sauke shi zuwa satoshi 2. Yaronka mai yiwuwa gutsure ɗaya ya kashe daga adireshi mai farawa da bc1q, irin wannan duka saƙon wajen bait 140 ne, kuma ya dace da ranar da tasha ba mutane. Kai jakar tsabar kwabbai ka zube a gaban mai kanti, shi takarda ɗaya ya miƙa.

Abin yi. Ka kwafi lambar shaidar turawar, wato TXID, ka saka a shafin mempool.space, zai nuna maka nawa ka biya kan bait da nawa ake ɗauka yanzu. Sai ka duba walat ɗinka ko yana da maɓallin ƙara kuɗin turawa, shi ake kira RBF, yana sake aika saƙon nan ne da kuɗi mafi yawa ya maye gurbin na farko, ƙarin kuma daga canjinka za a cire, tunda 345 kake da ita ka tura 300 akwai canji. In babu wannan maɓallin akwai CPFP, wato ka tura canjin da ya dawo maka zuwa wani adireshinka da kuɗin turawa mai tsoka, mai mainin in yana son cin na ɗan dole ya ɗauko uban tare. Shi ma ejan ɗin zai iya yi daga ɓangarensa in walat ɗin nasa ne na kansa. In kuwa ba ka yi komai ba, ko dai cunkoso ya ragu ya shiga da kansa, ko kuma yawancin kwamfutocin da ke riƙe da shi su jefar da shi bayan kwana 14 kuɗin su sake bayyana a wajenka, amma kwantena ba za ta jira kwana 14 ba.

Kuma ka gode Allah ba ranar 20 ga Afrilu 2024 ka tura ba, ranar da aka rage ladar masu mainin a bulok na 840,000 aka kuma ƙaddamar da Runes, wani sabon tsarin ƙirƙirar kwabbai a kan Bitcoin da ya jawo cunkoso, ranar matsakaicin kuɗin turawa ya haura dala 100. A Disamban 2017 ma ya wuce dala 50. Abin ba yau ya fara ba.

Hajiyar Atamfa:

Sannu ƙanena, Allah ya fid da kai. Ni na zo ne in gyara wa Ɗan Baiwa magana don kada ya kai mutane ya baro. TRC20 tana da sauri gaskiya ne, Tron duk daƙiƙa 3 take fitar da bulok, ni da ita nake biyan masu leshi da shadda, amma wannan cewa da ake kyauta ce ko kusan kyauta, tsohon labari ne. In daga walat ɗinka na kanka za ka tura sai kana da TRX, wato kuɗin Tron ɗin kanta, a ciki da za a ƙona, ko ka daskarar da TRX mai yawa ka samu abin da suke kira inaji wanda ke biyan kuɗin hanyar, kuma abin da ya fi ba ni haushi in wanda za ka tura wa ba shi da USDT ko kaɗan a adireshinsa kuɗin ninkawa yake yi, wajen inaji dubu 65 ya koma wajen dubu 130. Na taɓa tura wa wata sabuwar dillaliya ƙaramin kuɗi na kayan lefe, abin da aka ƙona min sai da na zauna na yi salati, kuma rannan TRX ɗina bai isa ba sai da na tashi ɗana ya nemo min da daddare.

Sannan ku bambance kuɗin netwok da kuɗin cirewa na manhajojin canji. Su manhajojin nan farashi suke yankewa nasu na kansu, ko titi ba kowa za su caje ka abin da suka rubuta. Dabarar da nake yi yanzu, kafin in biya kowa sai in tambaye shi wace manhaja yake amfani da ita, in ɗaya muke sai in tura masa ta lambarsa ta ciki, wannan ba ya hawa bulokcen, wato asalin titin kirifton, sam, a littafinsu kawai suke sauya suna, nan take yake shiga kuma yawanci ba a cire ko sisi. Illar dai kuɗinka na hannun wasu, ranar da suka ga dama su rufe ƙofa sai kallo, mun gani a Maris 2024 da Binance ta daina harkar naira kowa ya yi ta rububin kwashe nasa. Shi ya sa ba na barin kuɗi su kwana biyu a can.

Baban Arkilla:

Ni dai yaran ga kuna ba ni mamaki. Shekara nawa kuna cika muna kunne cewa kirifto ta zo ta 'yanta talaka daga cajin banki. To ga shi. Ni in na tura naira dubu ɗari biyat ta banki naira 50 aka cirewa, sai harajin gwamnati na naira 50, kahin in mai da waya aljihu ta shiga, in ta maƙale kuma na san ƙohwar da za ni tahi in zamna in yi hwaɗa da mutum mai rai. Kai yanzu wa za ka kai ƙara? Sarkin Bitcoin? Wanda yaƙ ƙirƙiro shi ma ba a san ko wane na ba, tun 2011 yay yi ɓatan dabo. Allah shi kyauta. Ɗan Kanwuri in ka samu kuɗinka ka koma ma 'yan canji da ubanninmu sunka sani.

Na Illela:

Baba rankai daɗe, maganarka gaskiya ta amma cikin gida ta tsaya. Naira 50 ɗin nan daga Sakkwato zuwa Legas ta, ka gwada tura ma wani da ke Ƙwanni, nan hwa da ka tsallaka iyaka, ka gani ko manhajar bankinka ta san hanya, balle Gwangzu. Mu masu harkar sefa da dabbobi mun san abin da munka sha, musamman lokacin da anka ruhe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kuma ai ba mu munka zaɓi wahala ba, tun Fabrairun 2021 Babban Banki yah hana bankuna taɓa harkar kirifto, shi yat tura kowa P2P, wato ciniki mutum da mutum kai tsaye, sai Disamban 2023 anka ɗage. eNaira da anka kawo a Oktoban 2021 kuwa, ni dai har yau ban ga wanda yas sai min rago da ita ba.

Abin da ni ka gani shi na, mutane na ɗaukar tirela su je sayen tumatur na naira 200. Asalin titin Bitcoin na manyan kaya na, wanda zai tura dala dubu 50 bai damu da dala 5 ko 10 ba. Don ƙananan kuɗɗi akwai Lightning, shi ma Bitcoin na amma bisa wani hawa na biyu, cikin daƙiƙoƙi yake shiga kuma abin da aka cirewa bai taka kara ya karya ba, matsalar kawai sai wanda za ka biya shi ma yana da shi, ejan ɗin Chaina kuwa da wuya. Akwai Litecoin, wani kirifto na daban, mai bulok duk minti biyu da rabi. Su sauran titunan kirifto masu saurin walƙiyar ma kada a ruɗe ka, kowace da nata ciwon, Solana ta tsaya cik wajen awa biyat a Fabrairun 2024, TON ta daina hidda bulok na sa'o'i a Agustan 2024 lokacin da 'yan DOGS, masu jiran rabon wani sabon kwabo, sunka yi mata rubdugu, Ɗan Baiwa ai kana nan anka yi. Tron kuwa masu tabbatar da bulok 27 ta ke da su kacal, saurin nata daga nan ya hito, wanda ya hi son sauri ya san abin da ya sadaukar.

DanBaiwa_Mabera:

Wallahi ina nan, ranar ko barci ban yi ba ina ta sabunta shafi kamar mai jiran sakamakon jarabawa. Hajiya na karɓi gyara, ni daga manhaja nake cirewa shi ya sa ban san da wannan ninkin ba.

Injiniyan Runjin Sambo:

Na manta da batun gas ɗinka Alhaji. Duba adireshin da dala 18 ɗin take, in da 0x ya fara kuma an rubuta ERC20 to a kan titin Ethereum take, kuma a Ethereum ba a biyan kuɗin hanya da USDT, sai da ETH, kuɗin Ethereum ɗin kanta, shi ne gas ɗin. Kamar kana da buhun gero a ƙauye amma mai kabu-kabu ya ce shi ba ya karɓar gero sai kuɗi. Tura ETH zalla yana cin gas 21,000, tura USDT kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu saboda wata ƙaramar manhaja ake tadawa, wato kwangilar USDT ɗin, farashin kowane gas kuma hawa da sauka yake da cunkoso. Mutane da yawa sun zaci sauyin da aka yi a Satumban 2022 da aka daina mainin zai karya farashi, bai karya ba, wanda ya kawo sauƙi na gaske shi ne na Maris 2024, shi ma a hawa na biyu irin su Arbitrum da Base da Optimism aka fi jinsa. Abin da za ka yi, ka duba farashin gas a shafin Etherscan lokacin da Turai da Amurka ke barci, safiyar Lahadi misali, in ka ga ya yi ƙasa ka sa ɗan ETH kaɗan ka kwashe ta gaba ɗaya. Ka lura kuma, BEP20, wato ta titin BNB, ita ma da 0x take farawa, adireshin iri ɗaya ne sak amma titin daban, mutane da yawa sun yi kuka a nan, ka tabbatar titin da ka zaɓa shi mai karɓa ya zaɓa.

Sai gargaɗi, tunda ka yi wannan rubutun a fili za su fara shigo maka ta bayan gida, wai su ma'aikatan walat ne ko masu hanzarta turawa, za su ce ka rubuta kalmominka 12 na sirrin walat a wani shafi don a warware maka. Duk wanda ya nemi kalmomin nan ɓarawo ne ko da da rawani ya zo. RBF ba ya buƙatar ka ba kowa komai.

Kuma in komai ya lafa, ka buɗe sabon adireshi mai bc1q, a can gutsure ɗaya bait 68 ne maimakon 148, sannan ka daina jefa dala 15 duk mako, ka tara ta yi kauri ka cire sau ɗaya a wata biyu, ko kuma ranar da ka ga tasha ta koma satoshi 1 ko 2 ka haɗe gutsattsarin wuri ɗaya ka tura wa kanka.

Ɗan Kanwuri:

Jama'a na dawo, Juma'a ta bayan an sauko masallaci. Injiniya Allah shi saka ma da alheri, wallahi kamar kana cikin wayata, adireshin da 1 yaf hwara kuma gutsattsarin 23 cif na ƙirga su. Jiya da dare na diba shahin nan na ga ana ɗaukar satoshi 11, zuciyata ta ƙi, nic ce bari in kwana. Yau da asuba ya sauko 5, sai nis samu maɓallin can ɓoye cikin ɗigo ukun nan na sama nis sa 6, duka kuɗin turawar yak kama wajen dala 21. Kwanfam na hwarko ya zo bayan kamar minti 40, ina zamne bakin shago ko kwastoma ban iya saurare, sai kuma mutumen yac ce shi sai ya ga ukku, munka ƙara wajen rabin awa. Ya dai ce ya gani, kaya za su hau.

Amma ku ji ƙarshen wasan, wai tunda Bitcoin nit tura shi kuma USDT yake biyan masu kaya da ita, kuma farashi ya ɗan sauka tun Talata, akwai giɓin dala 9 da zan cika mashi. Hajiya na tambaye shi manhajar da yake amfani da ita, ashe guda muke, tun hwarko da na tambaya da ba a yi wanga dogon zance ba. Baba Arkilla kada ka yi min dariya don Allah. Mutum biyu kuma sun riga sun shigo min wai su 'yan sapot na, ɗaya har da hoton mace Baturiya, na toshe su.

Dala 18 ɗin nan tana nan inda take, na diba ERC20 ta. Injiniya, ETH na nawa kake ganin zai ishe ni, kuma ita manhajar nawa za ta cire min kahin ta turo min shi walat, kada in kashe dala 6 wajen ceto 18?